Yadda ake sauya tsohon injin motar gida daga kafireta zuwa injekta

A garejojin Sabon Gari da Kwangila a Zariya abin da aka fi sabawa da shi shi ne a cire injekta a ɗora kafireta, saboda kafireta kowane yaron gareji ya san hannunta. Wannan bayani na akasin haka ne. An yi shi domin mai tsohuwar motar gida, wato bas ɗin da aka yi wa gado da wurin girki a ciki don doguwar tafiya, ko Hiace ce, ko Coaster, ko irin manyan nan na Amurka masu injin V8. Duk abin da za a faɗa ya shafi bas ɗin haya mai irin wannan inji.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tambayar farko da kowa ke yi ita ce ko motar za ta rage shan mai. Takan rage, musamman idan kafiretar ta riga ta gaji, amma kada kowa ya yi maka alkawarin rabi. Ribar da ba ta da shakka ita ce tashi bugu ɗaya da asubar hunturu ba tare da jan cok ba, da tashi bayan an tsaya shan mai a zafin watan Afrilu, lokacin da fetur ke tafasa a cikin kafiretar da ke ƙarƙashin kujerar direba, da kuma silo mai zama daram. Ɗora injektar kanta kuwa aikin yini guda ne. Inda aikin yake, inda kuma yake lalacewa, shi ne hanyar mai da wayoyin wuta.

A fara da auna lafiyar injin

Injekta ba ta gyara injin da ya gaji. Kafin a sayi ko noti ɗaya, a ɗumama injin, a cire fulogai duka, a buɗe totur har ƙarshe, a auna matsin kowace silinda da geji. Bambancin da ke tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Sai a sa gejin bakyum a jikin manifol injin yana silo. A bakin teku lafiyayyen inji yana ba da inci 17 zuwa 21. Zariya tana sama da teku da mita 600 da wani abu, don haka a rage kusan inci 2, idan an ga 15 zuwa 19 kuma allurar ta tsaya cik, lafiya lau. Allura mai rawa alamar bawul ce ko gasket mai shan iska. Injin da ke hayaƙin baƙin mai a fara yi masa ringi, domin wannan hayaƙi yana toshe sensar da za a sa a salansa.

A duba ko akwai tamostat. A nan galibi an cire shi tun shekarar da motar ta shigo, wai don kada inji ya yi zafi. Da kafireta ana iya lallaɓawa haka. Da injekta ba zai yiwu ba, domin birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injekta, yana ƙara mai muddin ruwan injin bai kai zafin aiki ba, kuma injin da ba shi da tamostat yana iya zuwa Kaduna ya dawo birenbos na ɗauka yanzu aka tashe shi. A mayar da shi, mai buɗewa a digiri 82, a wanke lagireto.

Kayan da za a ɗora

Hanya uku ce. Ta farko, wadda ta fi dacewa da injin Toyota, ita ce a samo kayan injekta na asali daga ɗan'uwan injin. 22R yana da 22R-E, 4Y yana da 4Y-E, 3Y yana da 3Y-E, 1RZ yana da 1RZ-E. Ga mai 22R akwai abin lura: Toyota ta sake fasalin injin a 1985, kayan kafin shekarar da na bayanta ba duka ke shiga juna ba, saboda haka a tabbatar da shekarar injin kafin a je kasuwa. Ta biyu ita ce kayan da ake sayarwa a kwali guda, irin Holley Sniper da FiTech, masu zama daidai gurbin kafireta kuma suna koyon injin da kansu. Su suka dace da V8 irin Chevrolet 454, Ford 460 da Dodge 440, amma sai an yi odar su daga waje, kuma ranar da wani abu ya mutu babu shi a shagon kusa. Ta uku ita ce birenbos na haɗi, Megasquirt ko Speeduino, wanda ake saitawa da kwamfuta ta manhajar TunerStudio. Yana aiki sosai a hannun wanda ya iya, amma ba shi za mu ba mai koyo ba.

Idan kayan Beljiyam za a saya, a Panteka ta Kaduna ne ko Ƙofar Ruwa ta Kano, doka ɗaya ce: komai ya fito daga mota ɗaya. Manifol na sama da na ƙasa, totur bodi, injektoci da bututun da suke zaune a kai, regileta, ma'aunin iska, dilko da koyil da igniter ɗinsu, sensar zafin ruwa, rile na famfo, birenbos, da damin wayoyin gaba ɗaya da soket ɗinsa ba a yanke ba. Wayoyin da aka datse da almakashi a bakin soket su ke mayar da aikin mako aikin wata. A rubuta lambar da ke jikin birenbos, a tambaya na giyar hannu ne ko na otomatik. A sa mita a kan kowace injekta tun a shago: akwai masu ba da om 12 zuwa 16, akwai masu ba da 2 zuwa 3. Na biyun suna tafiya da akwatin rezista nasu, idan aka haɗa su babu shi sukan ƙona birenbos.

Hanyar mai

Famfon kafireta yana tura mai da ƙarfin da bai wuce psi 3 zuwa 6 ba. Injektar 22R-E tana son 38 zuwa 44, Sniper kuma kusan 58. Kusan ninki goma ke nan, kuma duk wani tiyo da kilif da suka yi shekara talatin suna riƙe psi 5 ba za su riƙe wannan ba.

Tanki ne farko. A sauke shi, a zubar da abin da ke ciki, a leƙa da tocila. Tsatsa da laka da ruwan da man 'yan bumburutu ya tara a gindinsa, waɗanda kafireta ke haɗiyewa ta wuce, su ne ke kashe famfon lantarki cikin makonni. A wanke shi har ruwan wankin ya fito fes, a shanya ya bushe sarai. Idan tsatsar ta ci ƙarfen, a nemi wani. Kada a kai tankin fetur wurin mai walda don an zubar da mai, tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa.

Wurin da ya fi dacewa da famfo shi ne cikin tanki, inda man ke sanyaya shi. Idan akwai tankin ɗan'uwan motar mai injekta da zai shiga gurbin, a saye shi da famfonsa, an huta. In babu, sai famfon waje, amma famfon lantarki turawa ya iya, bai iya zuƙa ba. A ɗaure shi a jikin shasi, ƙasa da gindin tanki, tazarar da ba ta wuce rabin mita ba, nesa da salansa, a kan roba don rage ƙara. Famfon da aka ɗaura a gaba kusa da inji yana zuƙo mai daga tankin da ke baya mita huɗu zai yi ta kuka, ya yi zafi, ya mutu a hanya.

Akwai wata matsalar da tsohon tanki ke kawowa. Kafireta tana da ɗan kofin mai a cikinta, ko man tanki ya karkata gefe a kwana ba za ta ji ba. Injekta ba ta da wannan ajiya. Tankin motar gida dogo ne mai faɗi, in mai ya yi ƙasa aka sha shataletale sai famfo ya zuƙi iska, injin ya yanke nan take. Maganinsa ƙaramin tanki na lita 1 zuwa 2 a tsaye: famfo mai ƙaramin ƙarfi yana cika shi daga babban tanki, famfon injekta yana sha daga gindinsa, rarar kuma tana komawa babban tanki ta samansa. Wanda ba zai yi wannan ba, to ya saba da barin mai sama da kwatan tanki.

Girman famfo ma ana yawan kuskure a kansa. Inji mai ƙarfin doki 100 ba ya shan fiye da kusan lita 30 a awa ko an take totur har ƙasa. Famfon lita 100 a awa ya ishe shi har da rara. Mai lita 255 na V8 ne. Idan aka sa shi a injin silinda huɗu, aikinsa kawai ya riƙa zagaya mai yana ɗumama shi, yana cin wuta, wani lokaci ma ya fi ƙarfin regileta.

Filta biyu ake sawa. Mai faɗin ido, maikiron 100, tsakanin tanki da famfo. Mai ƙananan ido, maikiron 10, mai jikin ƙarfe, bayan famfo. Idan aka juya su, famfo zai shaƙe. Farar filtar roba ta kafireta kada ta kusanci ɓangaren matsi, fashewa za ta yi. Tiyo kuma a karanta rubutun jikinsa: SAE J30R9 shi ne na injekta, J30R7 na kafireta ne. Guntun da zai zauna a nutse cikin tanki J30R10 ake nema, sauran sukan kumbura su ruɓe a cikin fetur. Doguwar tafiyar daga baya zuwa gaba a yi ta da bututun ƙarfe, milimita 8 ga silinda huɗu, milimita 10 ga V8, a ɗaure shi a shasi duk bayan rabin mita. Kilif ya zama na injekta mai santsin ciki da noti, domin mai tsaga-tsagan nan yana yanka roba.

Sai hanyar dawowa. Regileta tana riƙe matsin da ake so, ta mayar da ragowar tanki. A ja mata bututu nata, ya shiga tanki ya sauka kusa da gindi, nesa da bakin zuƙa, don kada ya riƙa tayar da kumfa. Idan hanyar ta matse ko ta lanƙwashe, matsi zai hau, injin ya yi ta baƙin hayaƙi. A tabbatar tankin yana da numfashi. In motar tana da janareta mai shan mai daga babban tanki, a bar masa bututunsa daban, kada a yi masa reshe daga hanyar injekta, kafiretarsa ba za ta ɗauki psi 40 ba. Tsohon famfon inji a cire shi, a rufe gurbin da faranti da gasket. A 22R yana jikin kan injin ne.

Manifol da salansa

Wannan ɓangare ba shi da wuya. A cire negatif ɗin batir, a zubar da ruwan lagireto, a sauke kafireta da manifol, a kankare tsohon gasket, a ɗora sabon manifol da sabon gasket, a ɗaure daga tsakiya zuwa gefe. A sa wa injektoci sababbin robobi, a shafa musu ɗan fetur ko baƙin mai kafin a tura su, in sun zauna daidai za su juya da hannu. Abin da ya kamata a auna tun kafin saye shi ne tsayi, domin a Hiace injin yana ƙarƙashin kujera kuma manifol ɗin injekta ya fi kafireta cin wuri. Wayar totur ta buɗe har ƙarshe, ta kuma koma da kanta. Mai giyar otomatik 700R4 ya saita wayar da ke zuwa giya daidai, in ta yi sako-sako giyar ce za ta ƙone.

Sensar oksijin tana son gurbi mai zaren M18 x 1.5 a jikin salansa, bayan inda bututun silindoji suka haɗu da kamar santimita 15 zuwa 20. A huda a saman bututun ko a gefe, jikinta ya ɗaga sama da aƙalla digiri 10, don ruwan da ke taruwa a salansa da safe kada ya kwanta mata a baki. A bar aƙalla santimita 45 na bututu a bayanta. Duk wata ɓula da ke gabanta a toshe ta, domin iskar waje da ke shiga ta nan tana sa sensa ta ce mai ya yi kaɗan, birenbos ya yi ta ƙarawa. A yi waldar kafin a ɗaura sensar.

Wayoyin wuta

Nan ne ake bukatar mai waya mai haƙuri, wanda zai zauna da zanen wayoyin motar da aka ciro kayan daga jikinta, ba mai gwada waya da tartsatsi ba.

Motar gida tana da batir biyu, na tashin inji da na fitilu da firji. Birenbos da famfo daga na inji za su sha, kai tsaye daga kan batir, ta fiyus. Wayar at ta birenbos, wato ta negatif, ta tafi jikin injin ko negatif ɗin batir, a kankare fenti har ƙarfe ya fito, a kuma sabunta kaurin wayar da ke tsakanin inji da shasi. Sensoci da wuta bolt 5 suke aiki, ɗan tsatsa a wurin at ya isa ya sa su yi ƙarya.

Wayar da ke tayar da birenbos daga makulli dole ta kasance da wuta a matsayi biyu, lokacin da makulli ke kunne da lokacin da ake buga kik. A tsofaffin motoci akwai wayoyin da ke mutuwa daidai lokacin bugawa, irin ta rediyo. Wanda ya ɗauka daga nan zai ji famfo ya yi ƙara, ya buga, injin ya ƙi tashi, sai wani lokaci ya kama daidai sanda aka saki makulli. A auna da mita ana bugawa, kada ta sauka ƙasa da bolt 10. Kada kuma a ɗauka daga kan koyil idan akwai rezista a gabansa, wutar wurin ba ta kai 12 ba.

Famfo ta rile zai sha. A ƙafafun rilen, lamba 30 daga batir ta fiyus na amfiya 15 zuwa 20, lamba 87 zuwa famfo, 85 da 86 su ne na umarni. Waya mai kaurin milimita 3 zuwa 4, saboda nisan ya yi yawa, siririyar waya tana cinye wutar a hanya matsi ya faɗi. Kada a haɗa famfo kai tsaye da makulli. In aka yi haɗari tiyo ya tsinke, zai ci gaba da feshin fetur har sai wani ya tuna ya kashe. A tsarin 22R-E akwai ɗan makunni a cikin ma'aunin iska da ke yanke famfo da zarar inji ya tsaya, a haɗa shi yadda kamfani ya yi.

Injekta da famfo da sensa suna ƙara wa mota nauyin amfiya 10 zuwa 15. Tsohuwar altaneta mai 40 ko 45 za ta gaza da daddare in an kunna fitila da fanka, a nemi mai 70 zuwa sama. Fulogai su zama masu rezista, waɗanda a NGK ake gane su da harafin R a lambarsu, wayoyin fulogi kuma ba masu zallar jan ƙarfe a ciki ba. A raba hanyar wayoyin sensa da ta wayoyin fulogi. A haɗa fitilar cek a dashbod, ita ce bakin da birenbos zai yi magana da shi.

Tashin farko

A ajiye abin kashe gobara a kusa. A sa gejin mai, a kunna famfo ba tare da tayar da inji ba. A Toyota ana haɗa Fp da +B a ɗan akwatin gwaji. A bi kowane maɗauri da busasshen tsumma daga tanki har inji, ko danshi aka gani a tsaya a gyara. A karkatar da tiyon dawowa cikin jarka: rabin lita cikin daƙiƙa 30 ya wadatar da silinda huɗu. A kashe, a kalli geji. Ya kamata ya riƙe sama da psi 21 na minti 5. Idan ya zube nan da nan, ko injekta na ɗiga, ko regileta, ko bawul ɗin famfo, kuma wannan motar za ta riƙa wahalar tashi da zafi.

Mai Sniper ko Speeduino ya duba allo kafin ya buga. Zafin ruwa ya yi daidai da na gari. Sensar matsin manifol a Zariya za ta nuna kusan kPa 93 zuwa 94, ba 101 ba, wannan tudun garin ne, sensar lafiyarta ƙalau. Mai kayan Toyota ya auna sensar ruwa da mita: kusan om 2,500 a digiri 20, kusan 300 a digiri 80.

In ya tashi, a bar shi ya yi zafi, a saita taimin da fitilar taimin, ba da kunne ba. A 22R-E ana haɗa TE1 da E1, a juya dilko zuwa digiri 5 kafin fistin ya kai ƙololuwa, a ɗaure, a cire haɗin. Wannan haɗin dai shi ke sa fitilar cek ta ƙifta lambar matsala. Kayan da ke koyo da kansu ba sa fara koyo sai ruwa ya wuce kusan digiri 70. A fara da zagayen gari a hankali, sannan a hau titin Kano ko na Funtuwa da kaya a ciki kamar yadda za a yi tafiyar gaske. A tafiya ta daidai ma'aunin haɗin iska da mai zai zauna kusa da 14.7, in an take a tudu ya sauko 12.5 zuwa 13. Motar gida kullum cikin jan nauyi take, in aka matse mata mai a nan don tsimi, bawul da fistin ne za su biya. Da an ji ƙarar ƙwanƙwasa a ɗaga ƙafa, a rage taimin.

Silo mai hawa da sauka, a fara neman inda iska ke shiga. A tsarin Toyota, tsagewa a robar da ke tsakanin ma'aunin iska da totur bodi ta isa, domin iskar da ta shiga ta nan ba a ƙirga ta ba. Baƙin hayaƙi, a duba sensar ruwa da hanyar dawowa. Mutuwa bayan tafiyar awa ɗaya da tashi in ta huce, a taɓa famfo, in ya yi zafi a duba filtar gabansa da numfashin tanki, a buɗe murfin tanki a ji ko zai shaƙi iska. Filtar bayan famfo a canja ta bayan kilomita 500 na farko, ragowar dattin tanki a nan yake taruwa. Filtar iska a lokacin ƙurar hunturu a riƙa duba ta duk mako, akwatinta ya rufu ruf.

Duk ranar da za a yi walda a jikin motar a zare soket ɗin birenbos, a cire batir duka biyun. Kada a cire kan batir inji yana aiki don gwada altaneta, kada kuma mai wankin mota ya saita ruwan matsi a kan soket. A akwatin kayan aiki a riƙa tafiya da rile ɗaya, fiyus na kowane girma, filta, mita biyu na tiyon J30R9 da kilif huɗu, da famfon ajiya irin wanda ke jikin motar.